Da wane mudu za a auna ƙwaƙwalwar kakarka?

Duk wanda ya taɓa sayen shinkafa a kasuwar Achida ya kai ta Goronyo ya sayar, ya san rigimar mudu. Wani mudun bakinsa a buɗe yake, wani an ɗan bugi gindinsa ya shige ciki, wani mai awon ya yi tozo, wani ya share da hannu. Buhu ɗaya ne, amma lissafin ya bambanta. Shi ya sa wasu dattawa ba sa yarda da kwanon kowa sai nasu.

To ka riƙe wannan a ranka, domin yau zancen ƙwaƙwalwa za mu yi, kuma muhawarar da likitocin duniya ke yi a kan hoton ƙwaƙwalwar tsofaffi, idan ka tace ta, rigimar mudu ce.

Na san abin da za ka ce. "Ni da nake da shekara 23, me ya haɗa ni da ciwon mantuwa?" Abin da ya haɗa ka shi ne kai ne mai waya a gidanku. Ranar da Kaka ta dube ka ta ce "kai ɗan wa na?", ko Baba tsoho ya fito daga masallacin da ya yi shekara arba'in yana salla a ciki ya kasa gane hanyar gida, kai za a ce ka duba intanet. Kai za ka raka shi asibiti. Kai za a miƙa wa takardar sakamako, tunda kai ne ɗan boko. Ke ma 'yar'uwa, kin fi kowa sanin cewa wanki da ciyarwa da kwanan zaune a kanki za su faɗo.

Mu a nan gigin tsufa muke cewa, mu ɗauke shi kamar furfura, abin da dole ne ya zo. Idan abin ya yi tsanani sai a koma zancen aljanu ko sammu, wata tsohuwar ma a laƙaba mata maita don an gan ta tana yawo cikin dare tana kiran sunayen matattu. Alhali tsufa daban, wannan ciwo daban. Akwai 'yan shekara casa'in da za su lissafo maka sarakunan garinsu ba gargada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da ciwon mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma cutar Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 na wannan adadi. A Zariya, wani binciken da aka wallafa a 2011 kan tsofaffi 322 da ke zaune a gidajensu ya samu kusan uku cikin ɗari da ciwon. Uku cikin ɗari kamar ba yawa, har sai ka ƙirga tsofaffin unguwarku.

Yanzu me hoton MRI ke nunawa? A can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, akwai wani ɗan yanki da ake kira hifokamfas. Kowane ɗaya bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Shi ne kamar magatakarda, shi ke rubuta sabon abin da ya faru kafin a kai shi rumbu. Cutar Alzheimer takan taɓa shi tun da wuri, shi ya sa Kaka za ta ba ka labarin bikinta dalla-dalla amma ta manta ta ci tuwo minti goma da suka wuce. Tsohon labari yana rumbu, magatakardan ne ya daina rubutu. A tsoho mai lafiya wannan yanki yana raguwa da kamar kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari a shekara. A mai Alzheimer yakan kai huɗu zuwa biyar.

Ka ga ai bambancin siriri ne. Tun 1992 likitocin hoto ke amfani da wani ma'auni na ido da wani likita ɗan ƙasar Holan, Philip Scheltens, ya fito da shi, su dubi hoton su ba da maki daga 0 zuwa 4. Yana aiki, kuma har gobe ana amfani da shi, sai dai likita biyu na iya duban hoto ɗaya wannan ya ce 1 wancan ya ce 2. Nan manhajoji suka shigo. Irin su NeuroQuant, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita tun 2006, da icobrain ta wani kamfani a Beljiyam, da FreeSurfer da masu bincike ke saukewa kyauta. Abin da suke yi shi ne su yanka hoton zuwa 'yan ƙananan murabba'ai masu girman milimita ɗaya, su gane wanne na wane yanki ne, su ƙirga, su gwada da girman ƙoƙon kan mutum, sannan su kwatanta da na dubban masu lafiya sa'o'insa. Sai takarda ta fito da launuka, ta ce misali, cikin mutum ɗari masu shekarun babanka, 97 sun fi shi girman hifokamfas.

Amma fa na'urorin MRI su ma ba mudu ɗaya ba ne. Ta Siemens daban, ta GE daban, ta Philips daban, mai ƙarfin Tesla 1.5 daban da mai 3. Ka ɗauki mutum ɗaya a na'ura biyu a rana ɗaya, awon na iya bambanta da abin da ya kai ɓarnar da cutar ke yi a shekara guda. Wato canjin asibiti kawai na iya sa a ce ƙwaƙwalwa ta ragu, ko a ce ta tsaya cak. Don haka aka ƙirƙiro hanyoyin lissafi, kamar wadda ake kira ComBat, da ke ƙoƙarin cire tasirin na'ura a bar na mutum. A ɓangaren hoton PET, wanda ke nuna dattin furotin ɗin amiloyid da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai Alzheimer, a 2015 masana suka tsayar da ma'auni ɗaya mai suna Centiloid: sifili shi ne matashi mai lafiya, ɗari shi ne mai cutar da ta bayyana. Mudun gwamnati ke nan, idan ka so.

Ni ina goyon bayan wannan aiki, kar a yi min mummunar fahimta. A ƙasar da likitocin hoto ba su da yawa, kuma masu ƙwarewa a kan ƙwaƙwalwa suka fi ƙaranci, manhajar da za ta yi awo iri ɗaya a Sakkwato da Ibadan da Landan alheri ce. Inda nake da ja shi ne a kan tambayar da tallace-tallacen ba sa amsawa: su wane ne waɗannan "masu lafiya sa'o'insa" da ake gwada babanka da su?

A 2022 mujallar Nature ta wallafa jadawalin girman ƙwaƙwalwar ɗan'adam daga ciki har tsufa, irin katin awon jarirai da ake bai wa uwa a asibiti. An gina shi da hotuna sama da 120,000 na mutum fiye da 100,000. Aiki ne babba. Amma su kansu masu aikin sun faɗa cewa yawancin hotunan daga Turai da Arewacin Amurka suka fito. Manyan rumbunan da ake koyar da manhajoji da su, irin ADNI da aka fara a Amurka a 2004 da UK Biobank na Birtaniya, galibi fararen fata ne masu ilimin boko mai zurfi, waɗanda suka taso da abinci isasshe. Manomin tafarnuwa a fadamar Wurno, wanda ya sha zazzaɓin cizon sauro tun yana goye, ya ga farin 1973, ya yi shekara ashirin da hawan jini ba tare da an taɓa gwada shi ba, ba ya cikin wannan lissafi. Wataƙila ƙwaƙwalwarsa ta dace da jadawalin, wataƙila ta kauce. Manhajar dai za ta fitar da lamba ko ta halin ƙaƙa, kuma za ta buga ta da jan launi mai tayar da hankali.

Kar ka ce wannan tsoron banza ne. Tun 1992 aka fara wani bincike da ya haɗa Jami'ar Ibadan da ta Indiana, ƙarƙashin Farfesa Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie, daga baya Farfesa Adesola Ogunniyi ya ci gaba da jagorancin ɓangaren Najeriya. Sun gwada tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata a birnin Indianapolis, da kayan gwaji iri ɗaya. A Ibadan suka samu kashi 2.29 da ciwon mantuwa, a Indianapolis kashi 8.24. Har ƙwayar gadon nan da ake kira APOE4, wadda ke ɗaga haɗarin Alzheimer sosai a Turawa, suka tarar tasirinta ya fi rauni a Yarabawa. Idan abin da aka gano a wata nahiya bai hau kan Ibadan daidai ba, da wace hujja za a ce zai hau kan Gandi?

Akwai kuma matsalar da na tabbata injiniyan da ya rubuta manhajar a Kalifoniya bai kawo ta a ransa ba. Duk lissafin nan a kan shekaru ya dogara. Sai ka shigar da ranar haihuwa kafin ta gwada. To Kaka shekararta nawa? Ka duba katin ɗan ƙasa na tsofaffin gidanku, ka ga nawa ne aka rubuta musu 1 ga Janairu. Wanda ya cika fom ɗin ya dube ta ne kawai ya yanke mata shekara. Idan an rage mata shekara goma, manhaja za ta gwada 'yar 80 da 'yan 70 ta ce ƙwaƙwalwarta ta lalace. Idan an ƙara mata, ta ɓoye ciwon da ke akwai. Masu binciken Ibadan sun ci karo da wannan, suka koma amfani da manyan abubuwan tarihi wajen ƙiyasta shekarun tsofaffi. Mu ma muna da namu. Wanda aka haifa shekarar naɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, 1938 ke nan. Wadda take goyon fari lokacin da aka kashe Sardauna, ɗan Rabah, a Janairun 1966, ana iya ƙiyasta nata. Akwai komawa tuƙin hannun dama a 1972, akwai zuwan naira a 1973.

Sai na'urar kanta. Wani binciken da aka wallafa a 2018 ya ƙirga na'urorin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma a 2016, 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi ne. An samu ƙari tun daga lokacin, amma har yanzu a manyan birane suke. Ba wanda ke zuwa asibitin Wurno ko Rabah ko Goronyo da tsammanin MRI. Birnin Sakkwato ake nufa, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, ko Kware inda asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yake. Manhajojin kasuwa irin NeuroQuant kuwa an tsara su ne don hoto na musamman daga na'ura mai Tesla 1.5 ko 3. Ka ba su hoton ƙaramar na'ura, ko hoton fim ɗin da ka ɗaga a taga ka ɗauka da waya, ka ba su abin da ba za su iya aunawa ba.

A nan ne nake so in ja kunnenmu. A 2024 Elon Musk ya fito a X yana kiran mutane su ɗora hotunan asibitinsu a Grok don ta duba musu, kuma tun daga nan abin ya zama ruwan dare da sauran manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Ɗan'uwa, manhajar hira ba ta auna komai a hoton da ka ɗauka da Tecno ɗinka. Za ta yi maka magana mai daɗin ji cikin ƙarfin hali, shi ke nan. Sannan a jikin fim ɗin akwai sunan tsohonka da lambar asibitinsa. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kai kuma ka watsa su a guruf ɗin WhatsApp mai mutum ɗari biyu kana cewa "wa ya gane wannan?" Masu ɗaukar bidiyon tsohuwa tana sambatu su sa a TikTok da kiɗa don a yi dariya kuwa, ba ni da abin ce musu da za a iya bugawa a jarida.

Wani zai ce, Malam, mu da ke fama da 'yan bindiga, kana mana zancen milimita? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Wanda ya tuna harin Tabanni a Yulin 2018 da mutanen da suka cika Gandi suna gudun hijira, ko harin kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, ko watannin da aka rufe layukan waya a gabashin jihar a shekarar, ya san mene ne a gaba. Amma ka lura da abu guda. Cikin waɗanda suka gudo akwai tsofaffi. Mai ciwon mantuwa da sanin wuri yake rayuwa, ƙafarsa ta haddace hanyar rijiya da ta makewayi ko da kansa ya manta. Ka ɗauke shi cikin dare ka ajiye a ajin firamare da mutum talatin, sai ya rikice gaba ɗaya, ya fita neman gidansa. Sannan tsohon da ya ga an kashe ɗansa, ya daina magana, ya daina ci, yana manta abubuwa, mai yiwuwa ciwon damuwa ne ke cin sa, wanda ke kama da ciwon mantuwa kuma yana da magani. Manhajar awo ba za ta bambance maka waɗannan ba. Likitan da ya zauna ya saurari labari ne zai bambance.

Domin gaskiyar da ya kamata ka sani ita ce, ba da hoto ake gano ciwon mantuwa ba. Da labarin iyali da gwajin tunani ake ganowa, hoto ya zo ya taimaka. Kuma gwajin tunanin ma sai an daidaita shi. Ka ce wa wanda bai taɓa riƙe biro ba ya zana agogo, ya kasa, ka rubuta cewa yana da ciwo, ai ka zalunce shi. Shi ya sa masu binciken Ibadan suka fito da gwajin tsinken ashana: a jera tsinke huɗu a wata siffa, a ce tsoho ya kwaikwaya. Kwalin ashana ɗaya ya isa. Wannan shi ne irin daidaita mudun da ma'aikacin lafiya a ƙauyen Rabah zai iya koya cikin mako guda.

Babban amfanin hoto a wurinmu ma wani ne daban, kuma CT kaɗai yakan wadatar. Tsoho ya zame a makewayi ko ya faɗo daga babur, aka shafa masa man zafi aka manta. Bayan mako shida ya fara ruɗewa yana jan ƙafa, aka ce gigin tsufa ne. Alhali jini ne ke taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, kuma likitan tiyata na iya huda ƙaramar kafa ya zuƙe shi, mutum ya dawo hayyacinsa. Akwai taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, mai zuwa da mantuwa da tangaɗi da kasa riƙe fitsari. Akwai ƙari. A gwajin jini akwai ƙarancin sinadarin B12 da raunin maƙoƙo. Idan kuma ruɗewar kwana biyu ko uku ta zo farat ɗaya, ka yi zargin zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko suga ko ƙishirwa, ka nufi asibiti a ranar. Duk tsohon da aka kulle a ɗaki da ɗaya daga cikin waɗannan, an kulle mai ciwon da ake iya warkarwa.

Su can abin da ya sa suke gaggawar daidaita awo shi ne sababbin magunguna. Lecanemab, da Amurka ta amince da shi a 2023, ana ƙara shi ta jijiya duk mako biyu, kuɗinsa a 2023 dala 26,500 ne a shekara, yana rage saurin cutar da kamar kashi 27 cikin ɗari, kuma dole a riƙa yin MRI akai-akai saboda yana iya kumbura ƙwaƙwalwa ko ya sa ta zubar da jini. Ka juya wannan kuɗi zuwa naira ka gaya min buhun albasa nawa ne. Mu abin da ke hannunmu shi ne rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2024, wanda ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ya ce su ke da alhakin kusan kashi 45 na ciwon mantuwa. A ciki akwai hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani, buguwar kai, taba, da rashin karatu tun ƙuruciya. Hular kwano a kan ɗan acaɓa da na'urar gwajin jini mai aiki a kowane asibitin mazaɓa sun fi kusa da mu fiye da kowace manhaja, kuma da a ce ni ake tambaya inda kuɗin ƙaramar hukuma zai fara zuwa, nan zan nuna.

Duk da haka ban yarda mu naɗe hannu mu ce fasahar ta masu kuɗi ce ba. Idan ba mu shiga cikin ma'aunin ba, za a kawo mana shi a gama, a auna mu da shi. Ƙofa kuma a buɗe take. A 2023 aka fitar da tarin hotunan ƙarin ƙwaƙwalwa daga asibitocin Najeriya mai suna BraTS-Africa don gasar manhajoji ta duniya, saboda an lura manhajojin da aka koyar da hotunan Turai suna tuntuɓe a kan namu. Akwai ƙaramar na'urar MRI ta kamfanin Hyperfine mai Tesla 0.064, ana tura ta a kan taya a jona ta a soket, ana gwada ta a wasu ƙasashen Afirka, kuma akwai manhajojin kyauta irin SynthSeg da aka gina don su jure hoto mara kyau. Kai da ke karanta kwamfuta ko lissafi ko aikin hoton asibiti a jami'ar Danfodiyo, kana neman abin da za ka yi aikin kammala karatu a kai, ga shi nan. Jadawalin ƙwaƙwalwar tsofaffin Sakkwato masu lafiya, da yardarsu, da sunayensu a ɓoye, da shekarunsu da aka tantance, ba wanda zai taso daga Boston ya haɗa mana shi.

Idan kuma ranar ta zo aka tura ku hoto, ka roƙi a ba ku shi a faifan CD ko filashi, kar ku tsaya a fim kaɗai, domin ainihin fayil ɗin ne ake iya aunawa. Ka tambayi sunan na'urar da ƙarfinta ka rubuta. Idan za a maimaita bayan shekara, ku yi ƙoƙari ku koma na'urar farko. Idan an ba ku takarda mai launuka da lambobi, ka tambayi likita cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, da su wa aka gwada shi?" Kuma kafin duk wannan, tun yau da hankalinta ke tare da ita, ka zauna kusa da Kaka ka tambaye ta ko an yi mata aure lokacin da labarin Sardauna ya iso garinsu, da kuma wane ɗa take goyo shekarar da aka canza kuɗi. Ka rubuta amsar a takarda, ka sa a jakar da katin asibitinta yake.